Ranar da Auta Ta Juya a Bakin Shago

"Makaho na ce! Makaho! Ko in ƙara murya ne maƙwabta su ji?"

"Ai sun ji, Yaya," in ji Auta. "Tun ɗazu matar gidan sama ta kashe rediyonta."

Yaya Direba ya yi tsaye ƙiƙam a tsakiyar falo, makullin mota na lilo a yatsansa. Tun da aka idar da la'asar suke abu ɗaya shi da ƙanwar tasa. Shayin da aka zuba masa ya huce har ya yi yana a sama, ƙuda ya faɗa ciki ya mutu, ko ta'aziyya babu wanda ya yi masa.

"Au, raha ma kike yi? Ina miki maganar rayuwarki, kina min maganar rediyo?"

"To me zan ce? Abin da na faɗa jiya shi ne na yau."

"Shekararki ashirin da bakwai fa, Auta, balle a ce ƙuruciya ce. Mutum ya fito da mutuncinsa, da shagon maganinsa, da motarsa, da idanunsa biyu garau..."

"Huɗu, in an haɗa da tabarau."

"Inna, kin ji ta ko? Kin ji irin bakin da kika bari ya girma a gidan nan?"

Inna na zaune a doguwar kujera tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba. Tawul ɗaya ne a hannunta, ta ninke shi ta warware ya fi sau biyar. Tun da aka fara rigimar nan wata biyu ke nan, kalmarta ɗaya ce, ta faɗe ta tun ranar farko: ba ta amince ba. Daga nan ta kulle bakinta ta bar wa ɗanta hayaniyar. Auta kuwa ba hayaniyar Yaya ce ke hana ta sukuni ba. Yaya ko taya ce ta yi faci sai ya yi mata wa'azi. Shirun Inna shi ne abin tsoro, don Auta ta riga ta yi wa kanta alkawari ba za ta shiga ɗakin kowane namiji ba sai da yardar uwarta.

Bari dai a koma baya kaɗan, saboda wanda bai san kan zancen ba.

Auta tela ce. Kekenta ne na uku daga ƙofa a shagon ɗinkin bakin titi. Kyau kam Allah Ya ba ta, kuma ta san Ya ba ta, to nan matsalar take. Samari huɗu suka yi ta zarya a kanta, ciki har da Mai Kemis, wani mai tumbi da ladabi, wanda kan ƙirga ƙwayar magani sau biyu kafin ya miƙa maka. Ta tsallake su duka ta ɗauki Mai Agogo.

In za a faɗi gaskiya, ba don halinsa ta ɗauke shi ba a lokacin, ko da yake yana da halin. Dogo ne. Idan ya maƙala ɗan gilashin nan a ido ɗaya ya sunkuya kan aiki, 'yan matan layin har ɓata agogonsu suke yi da gangan. Akwai wadda ta tsoma nata a ruwan wanke-wanke har sau biyu. Kowa ya san ta, amma tana gidan mijinta yanzu, a rufa mata asiri. Auta ta so a gan ta da shi, an kuwa gani. Manya suka shiga, aka tsayar da magana.

Sai ciwon ido ya zo. Da farko gefe da gefe ne ya fara dushewa, yana ganin duniya kamar mai leƙe ta bututu. Bututun ya yi ta tsukewa. Aka je asibiti, aka ɗiga wannan, aka yanka wancan, daga ƙarshe likita ya ce jijiyar ta mutu, a yi haƙuri.

Akwai abin da Auta ta aikata bayan nan wanda ko matashin kanta ba ta gaya wa ba.

Wata Talata ce da hantsi, kwanansa goma da fitowa daga asibiti. Ta ji an ce ya nace sai an kai shi shago, ta yi kwalliya ta tafi. Shagon yana can ƙarshen wani lungu, inda hayaniyar titi ba ta kaiwa. A da tun daga nesa kake jin bugun agogunan bango sama da ashirin, kowanne da muryarsa. Ranar tsit. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da lalube ya tsayar.

Ta leƙa. Yana durƙushe a ƙasa, yana shafa siminti da tafin hannu, yana neman wani ɗan sukuru da bai fi ƙwayar yashi ba. Gemu ya fito masa barkatai. Ya saka maɓallin riga ya tsallake rami ɗaya, wuyan ya karkace, kuma babu abin da idon tela ke fara gani kamar wannan. Sukurun kuwa ga shi nan yana ƙyalli dab da yatsan ƙafarta.

Sunkuyawa kawai za ta yi ta ɗauka ta ce ga shi.

Amma abin da ya taso mata a ƙirji ba tausayi ba ne. Wata murya ce a cikinta, da muryarta sak, ta ce: Wannan ne zan shiga taro da shi?

Ta riƙe numfashi. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Ta juya a kan yatsu, ta fice daga lungun ba ta yi ko sallama ba.

Mako uku ba ta koma ba. A makonnin nan ta ɗinka hannun riga a baibai, ta yanke yadin wata amarya ba daidai ba, ta soke yatsanta har ta daina ƙirgawa. Ita da take ganin kanta mutuniyar kirki, mai ba da sadaka a inda za a gani, mai kuka idan an ba da labarin tausayi, sai ga shi ta yi karo da ainihin kanta a bakin wani shago, kuma ba ta so abin da ta gani ba.

Sallarta a da irin ta mai sauri ce, goshi na taɓa ƙasa tana tunanin zare. Wata azahar ta shiga ɗan ɗakin ajiyar yadi na bayan shago, ta shimfiɗa ƙyalle tsakanin bandir biyu, ta yi sujada, sai ta kasa ɗagowa. Duk watannin nan addu'arta ɗaya ce, Allah Ka mayar masa da idonsa, kuma sai ranar ta gane ashe kanta take roƙa wa. Bakinta ya buɗe da abin da ba ta shirya ba.

"Ya Allah, ni ce mai lalurar. Ni za Ka duba."

Da ta fito, idanunta sun kumbura, abokan aikinta suka yi ta zunɗe suna cewa an fasa auren ne. Washegari ta koma lungun, ta rangaɗa sallama tun daga nesa kamar yau ta fara zuwa.

Daga nan ta zama idonsa. Kullum in ta tashi daga keke sai ta yi awa biyu a shagon, ƙofa a buɗe. Shi zai kara agogo a kunne ya yi shiru, can ya ce, "Buɗe bayan. Ƙaramar ƙafar nan mai haƙora da ke hagu, kin gan ta? Datti ne ya riƙe ta." Ita kuma da hantsaki a hannu, yatsun da suka saba zura zare a allura. Sau nawa ta ɓarar da kaya, shi yana dariya, ita tana tsaki. A hankali masu kawo gyara suka dawo. Zancen Talatar nan kuwa ta binne shi, tana ganin daga ita sai Allah.

To, wannan zaryar ita ce ke ƙona wa Yaya Direba rai, ga kuma Mai Kemis da ya ji ƙanshin dama ya dawo da sabon ƙarfi, har maganin ciwon gwiwa yake aiko wa Inna ba a tambaye shi ba.

"Aure za ki yi ko jinya?" Yaya ya ci gaba. "Wa zai tsallakar da wa a titi? In kin haihu, wa zai..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba da hannu ba, da sanda.

"Salamu alaikum."

Auta ta gane muryar Mai Agogo. Bai taɓa zuwa gidan ba tun da idon ya tafi. Yaya ya buɗe, ya ja da baya yana sosa ƙeya, don bai san iya abin da baƙon ya ji ba.

Mai Agogo ya shigo a hankali, sanda na gaba. Ya yi aski, ya sha guga, maɓallansa duk a raminsu. Ya durƙusa ya gaida Inna, sai dai ya fuskanci kabad ne. Inna ta yi gyaran murya, ya juyo inda take.

"Wa ya kawo ka?" in ji Auta.

"Mai Kemis. Yana waje a mota."

"Wa?"

"Ni na roƙe shi. Da na gaya masa abin da zai kawo ni, ko minti biyar bai yi ba ya rufe shago. Har bel ɗin kujerar mota ya ɗaura min da hannunsa, bawan Allah."

Yaya ya yi tari don ɓoye murmushi. Auta kuwa ta fara hango inda aka dosa.

"Inna, ki gafarce ni da na zo ba sanarwa," in ji Mai Agogo. "Na ji gidan nan ba lafiya saboda ni. Lokacin da manya suka tsayar da magana, da mai ido aka tsayar. Wancan mutumin babu shi. Na zo ne in sauke wa Auta nauyi. Na janye. Ba ta da laifi, ba ku da laifi."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. "Wallahi ka cika ɗan halak. Kin gani ko? Shi da kansa ma..."

"Da wa ka yi shawara?" in ji Auta. "Jiya fa muna tare. Jiya muka tayar da agogon tsohon nan mai sarƙa, kana cewa hannuna ya faɗa. Ka kwana ka tashi ka janye? Ni kayan gyara ce da za ka ce a zo a ɗauka, ba ya gyaruwa?"

"Tela, ki bari mu rabu da mutunci."

"Ba zan bari ba. Ka faɗi dalili. In maganar Yaya ce, ai shi ko da fitilar titi faɗa yake."

"Ke!" in ji Yaya.

"Ba maganar Yaya ba ce." Mai Agogo ya jujjuya sandar a tsakanin tafukansa. Sannan ya ce, "Ranar Talatar nan. Na san kin zo."

Inna ta ajiye tawul.

"Wace Talata?" in ji Yaya. Babu wanda ya kula shi.

"Kin cire takalmi, na yaba miki. Numfashi ma kin riƙe. Amma kin manta da abin da ke ɗaure a hannunki."

Auta ta dubi tsintsiyar hannunta. Tsohon agogon ƙarfe ne irin wanda ake murɗawa da hannu, ba mai batir ba, shi ya fara haɗa su, shi ta kai masa gyara tun farko.

"Ni na buɗe cikinsa sau uku. Yana da ɗingishi, bugu biyu daidai, na uku ya ja ƙafa. A cikin agogo dubu zan fitar da shi. Balle a shagon da na kashe komai da hannuna. Na ji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Na ci gaba da shafa ƙasa, ina cewa yanzu za ta yi magana, yanzu za ta yi. Sukurun ma na daina nemansa, hannu kawai nake yawo da shi don kada in ba ki kunya. Sai na ji bugun yana nisa, yana nisa."

Auta ta zame daga hannun kujera ta zauna a ƙasa. Kukan bai fito da sauti ba tukuna.

"Wata bakwai ka sani? Wata bakwai ina zaune kusa da kai, ka sani, ba ka ce komai ba?"

"Me zan ce? Ban ga laifinki ba. Ni kaina da zan iya guje wa kaina ranar, da na gudu. Na yi fushi da likita, na yi fushi da masu ido, har inda bai kamata bawa ya kai fushinsa ba na kai, Allah Ya yafe min. Sai da na rasa komai na gane ashe ban taɓa gode wa komai ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma mun shirya. Amma ke, Tela, da kika dawo, na san abin da ya dawo da ke. Kaffara kike yi. Na yi shiru don ina jin daɗin zamanki, son kai ne, na sani. To yanzu abin ya kai ga raba ki da uwarki. Ba zan yarda a zauna da ni shekara da shekaru don goge laifin minti biyu ba. An yafe. Ki tashi ki tafi."

A waje Mai Kemis ya danna hon sau ɗaya, a ladabce.

Sai kukan ya ƙwace mata.

"Eh, na gudu! Inna, ki ji, Yaya, ka ji, na gudu! Na gan shi a ƙasa yana lalube, abin da yake nema yana gaban ƙafata, na ji ƙyamarsa. Ba tsoro ba, ba ruɗewa ba, ƙyama. Na ce wannan ne zan shiga taro da shi. Ni ɗin nan da kuke cewa Auta mai tausayi."

"Ya isa," in ji Mai Agogo a hankali.

"Bai isa ba, ai kai ka tono. Ka ce kaffara. Makon farko kaffara ce, ba zan yi maka ƙarya ba. Na biyu ma haka. Ina zuwa ne kamar mai shan magani, in toshe hanci in haɗiye. Amma ka tuna ranar da na ɓarar da kwalin sukurori gaba ɗaya, na zauna ina kuka, ka ce min, bar su, wanda ya ɓata a hannun mai ido ai yana da ranar dawowa? Ka durƙusa muka tsince tare, kana riga ni samu. Ranar na koma gida na rasa abin da ke damuna. Ashe ban taɓa sonka ba sai ranar. Da can tsayinka nake so, da idon 'yan matan layi a kaina."

Ta share hanci da gefen mayafi, hawayen na ci gaba da zuba.

"Wadda ta zaɓe ka don a gan ta, ita ce ta cire takalmi ta gudu, kuma ba ta dawo ba har yau. Ni ce na dawo. Ni ma ban san ni ba sai da wannan abin ya same mu. Sallar da nake yi yanzu ban san akwai irinta ba. In ka janye don ka gaji da ni, ka faɗa, zan haƙura. Amma kada ka ce don ni kake yi. Kada ka mayar da ni wajen waccan matar, na sha wuya kafin na rabu da ita."

Mai Agogo ya ƙanƙame sandarsa. Hawaye na bin fuskarsa daga idanun da ba sa gani, bai ma san ana ganinsu ba balle ya goge. Yaya Direba ya dubi silin, ya dubi makullinsa, ya ɗauki kofin shayin nan mai ƙuda ya kusa kai wa baki kafin ya ankara.

"Kin gama?"

Inna ce. Duk suka juya.

"Kin juya sau ɗaya a bakin ƙofa, kin yi kukan mako uku, shi ke nan kin san kanki. Sannu, malama."

"Inna..."

"Yi min shiru. Wata biyu ina jin bakin kowa, yau a ji nawa." Ta gyara zama. "Shekara goma sha ɗaya ubanku ya yi a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ke kina 'yar shekara tara aka kwantar da shi. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi a baki. Kowa ya shigo sai ya ce wannan mata 'yar aljanna ce. Ku ma haka kuke faɗa, ko ba haka ba?"

"Haka ne mana, Inna," in ji Yaya.

"To ku ji abin da 'yar aljannar ta yi. A shekara ta shida, wata Alhamis da rana, kuna makaranta. Ina wanke zanin gadonsa, na uku ke nan a ranar, hannuna duk ya tsattsage da sabulu. Na ɗaga kai sama na ce, Allah Ka ɗauke shi in huta. Ba a zuci ba. Da bakina, da ƙarfi."

Yaya ya zauna ba tare da ya duba ko akwai kujera ba. Allah Ya sa akwai.

"Tagar ɗakinsa a buɗe take. Ba ya iya magana, amma kunnensa ras. Da na shiga da zanin, ya kalle ni, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ya yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun nan mai lafiya. Na zaci ture ni zai yi. Ashe kaina yake son shafawa."

Ta share ido da bayan hannu.

"Shekara biyar ya ƙara bayan nan. Kullum in na kalle shi sai na ji maganar. Wannan ƙofar da kika juya a bakinta, Auta, ba sau ɗaya ake zuwa ba. Kullum ce. Wata rana da ciki, wata rana da goyo, wata rana babu ko abin ɗorawa a wuta, shi kuma yana kiran sunanki ki nemo masa takalmi."

Auta ta ja gwiwa ta matso, ta kama ƙafar uwarta.

"Amma kin koma ɗakin, Inna."

"Na koma. Ina zan je?"

"Kina da inda za ki je, 'yan'uwanki sun yi ta cewa ki taho, ina ji. Kin koma. Inna, tun ina yarinya nake leƙen ki in kina addu'a, ina mamakin da wa kike magana haka kamar Yana zaune a gabanki. A ina kika samo wannan? In aka ce yau a cire miki shekarun nan goma sha ɗaya, a cire har da abin da kika samu a cikinsu, kin yarda?"

Inna ta buɗe baki. Ta rufe.

"Ki amsa min, Inna."

"Ban yarda ba!" Ta faɗa da tsawa, kamar an fizge maganar daga cikinta. "Ban yarda ba, kin ji daɗi? A ɗakin nan na san Allah. A ɗakin nan na san ko ni wace ce. Amma ni na haife ki! Ba na so ki san Shi ta hanyar da na san Shi. Ki san Shi a inuwa mana, kamar 'ya'yan kowa. Laifi ne don uwa ta so haka?"

Hon ɗin Mai Kemis ya sake ƙara, wannan karon sau biyu.

Inna ta juya ga baƙon. "Kai kuma. Ka ji abin da na faɗa wa mijina. Wata rana za ka ji irinsa daga bakin wannan, kana daga ɗaki, kuma kunnenka ya fi na ubanta. Za ka iya?"

Mai Agogo ya sunkuyar da kai. "Na riga na ji irinsa, Inna. Na ji tafiyarta. Na kuma ji dawowarta." Ya ɗago kai. "In har ba kaffara ba ce, to janyewar da na yi, na janye ta. Sai dai abin da kika ce."

Inna ta dube su, shi a durƙushe da sandarsa, ita a ƙasa riƙe da ƙafarta. Sannan ta miƙe, wankin da ke cinyarta ya zube.

"Direba, je ka sallami mai motar nan. Ka ce na gode da maganin gwiwa, kada ya sake aikowa."

"Inna, wai kina nufin..."

"Ki aure shi, Auta. Ba zan hana ba, tunda kin ga rami da idonki kin ce nan za ki. Amma ranar da kika ɗaga kai kika faɗi abin da na faɗa, don za ki faɗa, kada ki kawo min kukan ɗakina. Na ji shi sau ɗaya daga bakina. Ba zan iya jin sa daga naki ba."

Ta zare ƙafarta daga hannun 'yarta ta nufi ƙofa.

"Inna, yarda kika ba ni, ba ki sa min albarka ba," in ji Auta cikin shessheƙa. "Ki ce Allah Ya yi min albarka. Ko sau ɗaya. Inna, don Allah."

Inna ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa. Kafaɗunta na girgiza. Leɓunanta suka motsa, Auta ta ɗago tana jira, har Mai Agogo ya karkato kunne.

Ba abin da ya fito.

Ta fice, ta ja ƙofar da duk ƙarfin da ya rage mata, garam!